Gargaɗi ga Hausawan Tamanrasset: Kada a Ɓoye Yaro Mai Ciwon Daji, Kada a Katse Masa Magani

Wannan kira ne ga duk mai jin Hausa a Tamanrasset da kewayenta: mazauna Gat el Wad da Tahaggart da Sarsuf, waɗanda aka haifa a nan da waɗanda suka iso jiya daga Kantche, Matamaye, Damagaram, Maraɗi ko Tawa, limamai da dattawan unguwa, uwayen adashi, teloli, magina, da direbobin hanyar In Gezzam. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Magana ce ta rayukan yara, kuma ba ta jiran gobe.

Ciwon daji, wanda likitoci ke kira kansa, yana kama yara har da na goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da shi, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19. A ƙasashe masu hali fiye da 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa sarai, su girma, su yi karatu, su yi aure. A ƙasashe da yawa irin waɗanda muka fito, masu tsira ba su kai 30 cikin 100 ba. Cutar ɗaya ce, kuma da yawa daga cikin magungunanta tsofaffi ne da aka sani shekaru da dama. Akwai ƙarancin likitoci da kayan aiki, wannan ba a musu. Amma abubuwa uku da suka fi cinye yaranmu suna hannunmu: kai yaro asibiti a makare, katse magani a tsakiya, da barin uwa da uba su ɗauki kayan su kaɗai har su gaza.

A fara da ido, domin shi ya fi saurin wucewa ba a lura ba. Da magariba uwa tana riƙe da ɗanta ɗan shekara biyu, fitila ta haska fuskarsa, sai ta ga wani fari yana ƙyalli a tsakiyar baƙin idonsa ɗaya, irin na kyanwa cikin duhu. Ko kuma a ɗauke shi hoto da waya, hasken ya tashi, ido ɗaya ya fito ja, ɗayan fari fat. Da safe ta duba ba ta ga komai ba, yaron yana wasa, ba ya kuka, sai ta ce idonta ne. Gwaggo ta ce hakiya ce, a ɗiga masa nono. Wannan farin yana iya zama kansar ido, wadda ke kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Idan aka kai shi a makon nan, ana iya ceton ransa, wani lokaci har da idon. Idan aka bari sai idon ya kumbura ya fito waje, cutar ta riga ta bi jijiya ta nufi ƙwaƙwalwa. Haka ma yaron da idonsa ya karkace kwatsam. Kuma wannan nau'in yana bin jini a wasu gidaje, don haka idan an same shi ga yaro ɗaya, a kai ƙannensa a duba su.

Sai ciki. Uwa tana yi wa yaro wanka ta ji wani abu mai tauri a gefe ɗaya na cikinsa, ba ya masa ciwo. Mun saba mu ce saifa ce. Yana iya zama kansar ƙoda, wadda ta fi kama 'yan shekara 3 zuwa 4, kuma tana cikin masu jin magani sosai. Kada a matsa wurin, kada a yi tausa, kada a gasa. Sai kumburin muƙamuƙi ko kunci da ke ƙaruwa kullum har haƙora su fara girgiɗi. Mutane su ce hangum ne ko ciwon haƙori. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya fara bayyana wannan cuta a Yuganda a 1958, an fi samunta a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma a duk kansar da ke kama ɗan Adam babu wadda ta kai ta saurin girma: kumburin yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Yaron da ya taso a Magariya ko Daura yana iya zuwa da ita nan. Ita ma tana narkewa da magani cikin 'yan kwanaki idan an same ta da wuri.

Wadda ta fi yawa a yara ita ce kansar jini. Yaro ya ɗashe, tafin hannunsa ya yi fari, ya daina wasa, ya riƙa kukan ƙafa da dare ko ya ƙi takawa. Haɓo ya yawaita, dasashi yana jini, jikinsa yana fitar da tabo shuɗi-shuɗi ba tare da ya faɗi ba, kaluluwa ta fito a wuya ko hammata ta ƙi komawa, zazzaɓi ya tafi ya dawo. A nan akwai abin da ya kamata mazauna Tamanrasset su sani. A watan Mayu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Aljeriya shaidar kawar da zazzaɓin cizon sauro. Mafi yawan wanda ake gani a nan matafiya ne ke zuwa da shi daga kudu. Saboda haka yaron da bai taka ƙafa ya bar garin nan ba, amma masassara ta ƙi sakinsa mako biyu, kada a yi ta ɗura masa maganin sauro da aka aiko daga gida. A kai shi a ɗebi jininsa a yi analiz. Gwaji ne mai sauƙi, sakamakonsa ba ya daɗewa. Haka yaron da ke tashi da ciwon kai da amai da sassafe, yana tangaɗi in yana tafiya, da matashin da gwiwarsa ta kumbura tana hana shi barci ba tare da ya yi targaɗe ba. Wannan na ƙarshe kada a kai shi wurin maɗori.

Yawancin yaran da ke da ɗaya daga cikin alamun nan za a tarar ba kansa ba ce, alhamdu lillahi. Amma likita ne zai faɗi haka, bayan ya gwada.

Yanzu ga abin da ya fi tsorata ni. Akwai maganar da ta zauna a bakin mutanenmu, wai daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata. Wannan magana ta binne yara da yawa. Asalinta a bayyane yake: ana kai mara lafiya asibiti ne bayan cutar ta gama cin jikinsa, in ya rasu sai a ce allura ce ta kashe shi. Abin mamaki, masu gudun allurar likita su ne ke miƙa yaron ga askar wanzami. Yaro mai kansar jini ba shi da isassun ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Tsaga, ƙaho, sakiya, cire belu, cire haƙori a gida, ko kaciya ba da sanin likita ba, kowannensu yana iya buɗe jinin da ba zai tsaya ba. Akwai kuma ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da sauran dangin kortizon da ake sayarwa a ɓoye. In aka ba yaro mai kansar jini, kumburin zai sace na ɗan lokaci, ya fara cin abinci, kowa ya yi murna. Amma sun ɓata sawun cutar, likita ya gwada bai ga abin da ya kamata ya gani ba, sannan ta dawo ta fi da taurin kai. Idan an riga an ba shi, a faɗa wa likita gaskiya, a kai masa kwalin ya gani.

Ban ce a bar addu'a ba. A yi tofi, a yi sadaka, a roƙi Allah dare da rana, kuma a kai yaron asibiti ran nan. Malamanmu na kirki sun san neman magani umarni ne na addini. Ina roƙon duk malamin da aka kawo wa yaro mai kumburi ko farin ido ya yi masa addu'a, sannan ya dubi uban ya ce, “Malam, tashi ka kai shi likita yanzu, in ya so ka dawo mu ci gaba.” Kalmarsa ta fi ta kowa nauyi a kunnen iyaye. Wanda kuwa ya karɓi kuɗi ya ce sammu ne ko mayu, ya nuna kishiya ko maƙwabciya, ya riƙe yaro wata uku yana jiƙo, to ya san zai tsaya gaban Allah da haƙƙin wannan rai.

Na san abin da ke hana da yawa fita: takardu. Uwa tana kallon ɗanta yana ramewa, amma tana tsoron kada a tare ta a hanya, a tsinci kanta cikin motar da ke sauke mutane a iyaka. Tsoron ba na banza ba ne. Tun yarjejeniyar da Nijar da Aljeriya suka yi a ƙarshen 2014 ake kwashe dubban 'yan Nijar ana mayar da su gida ta In Gezzam da Assamaka. Duk da haka, a auna: zaman gida da yaro mai kansa hukuncinsa ɗaya ne, babu kokwanto a ciki. Magani a asibitocin gwamnatin Aljeriya kyauta ne tun 1974, kuma sashen gaggawa na babban asibitin garin nan, Misbah Bagdadi, yana buɗe dare da rana, har Juma'a da Asabar da ma'aikatu ke hutu. A nan ne 'yan'uwanmu masu takardun zama da waɗanda suke 'yan ƙasa za su nuna zumunci. Ka raka ta. Ka tsaya a gefenta, ka yi magana da Larabci ko Faransanci, ka fassara mata abin da likita ya ce ba ragi ba ƙari. Akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Tamanrasset. Shugabannin al'umma su je can tun kafin buƙata ta taso, su nemi a tsara yadda za a riƙa ba iyayen yara marasa lafiya takardar shaida da wuri.

Idan gwaji ya tabbatar, yawanci sai an tura yaron arewa, kuma nan ne wahalar gaske take farawa. Daga Tamanrasset zuwa birnin Alje ya haura kilomita 1,900 ta hanyar In Salah da Gardaya. A jirgi awa biyu da 'yan kai ne, a bas kuwa ya fi kwana da wuni. Akwai cibiyoyin kansa a Adrar da Wargla, kowacce sama da kilomita 1,000 daga nan, amma sassan da suka ƙware kan yara sun fi yawa a arewa, kamar Cibiyar Pierre et Marie Curie da asibitin Beni Messous a Alje, da asibitin yara na Canastel a Oran. Likita ne zai zaɓi inda ya dace, ya rubuta takardar turawa. Kada a tashi ba ita, kada kuma a tashi ba a san inda za a kwana ba. Ku yi tunanin matar da ba ta taɓa wuce In Amgel ba, ta sauka cikin ruwan sama da sanyin hunturun Alje da ɗa a baya, ba ta jin yaren kowa, ba ta san motar da za ta hau ba. A tambayi ma'aikaciyar walwalar jama'a ta asibiti, wadda suke kira asistant sosiyal. Akwai ƙungiyoyin sa kai da ke taimakon masu kansa: El Amel a Alje, El Badr a Blida mai gidajen sauke marasa lafiya da suka zo daga nesa kyauta, da Waha a Kusantina. Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke arewa, lambar wayarku kaɗai tana iya zama abin da zai tsayar da uwa ta ƙarasa magani.

Ƙarasawar nan ita ce zuciyar wannan gargaɗi. Maganin kansar jini da ta fi yawa a yara yana ɗaukar shekara 2 zuwa 3. Na kumburin muƙamuƙi watanni ne. Na ƙoda akan fara da maganin kansa da ake kira shimiyo na 'yan makonni, a yi aiki a cire ƙodar da ta kamu, a sake komawa shimiyo. Ga tarkon: bayan wata ɗaya da fara magani yaro yakan miƙe. Jini ya dawo fuskarsa, kumatu sun cika, yana neman tuwo, yana guje-guje a farfajiyar asibiti. Uba ya yi waya daga Tamanrasset ya ce, “Tunda ya samu sauƙi ku dawo haka nan, kuɗi sun ƙare, yara na nan ba mai kula da su.” Kaka ta aiko daga ƙauye cewa a kawo mata jikanta ta gani. Uwar ma ta gaji da kwanan kujera. Sai a tattara kaya a sulale ba sallama. To a sani, a wannan lokacin cutar ta ragu ne har ido da gwajin farko ba sa ganinta, amma saurarta na nan cikin ɓargo. Sauran watannin an tsara su ne don kashe wannan saura. Likitocin kansar yara a duniya suna lissafa yaron da ya ɓace mako 4 a matsayin wanda aka katse wa magani, kuma cutar da ta dawo bayan katsewa ta fi ta farko wuyar ji. Ranar randebu, wato ranar komawa asibiti, ba ta ɗaguwa saboda biki, ko Sallah, ko kasuwar Assihar, ko damina ta faɗi a gida. In wani dalili ya tilasta, a sanar da likita tun kafin ranar.

Haka kuma idan likita ya ce sai an cire ido ko an yanke ƙafa. Babu uwar da za ta ji wannan hanjinta bai kaɗa ba, kuma a nan ne iyalai da yawa ke ɗauke yaro su gudu. A nemi likita ya sake bayani, a zo da dattijo a zauna, a yi kuka in za a yi. Yaro mai ido ɗaya yana haddace Alƙur'ani, yana ɗinki, yana riƙe gida. Ana sa masa idon roba da ba kowa zai gane ba.

Ga iyalan da yaronsu ya dawo gida tsakanin zagayen shimiyo: ku mallaki ma'aunin zafin jiki, ku koyi karanta shi. Maganin yana karya garkuwar jiki, musamman daga kwana 7 zuwa 14 bayan an sa shi. In ma'aunin ya nuna 38, ko yaron yana rawar sanyi, ko ya yi laushi, a tafi asibiti nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada a ba shi farasitamol a ce a ga safiya. Zai rufe zazzaɓin alhali ƙwayar cuta tana yawo cikin jininsa, kuma 'yan awoyi ne ke raba rai da mutuwa. In babu mota a kira jami'an agaji ta lamba 14. Da an isa a ce, “Yaron nan yana shan shimiyo,” a miƙa takardarsa. Asfirin da danginsa haramun ne gare shi sai da izinin likita, haka maganin da ake turawa ta dubura. Ruwan shansa a tafasa, nonon raƙumi ko na akuya a dafa, hannu a wanke da sabulu. Ƙyanda da ƙarambau, waɗanda wasu yara ke yi su tashi, shi suna iya kashe shi. In sun ɓulla a gidan haya ko makarantar allo, a nisanta shi, a gaya wa likita ranar. Ko rigakafi ne aka zo yi unguwa, kada a yi masa sai an tambayi mai kula da shi.

Takardunsa kuwa su zama kamar layar wuya. Sunan cutar, sunayen magunguna, ranar da aka sa na ƙarshe, ranar komawa, lambar sashen da ke kula da shi: a yi kwafi, a naɗe a leda, uwa ta ɗaura a jikinta duk inda za ta. A ɗauki hotonsu a tura wa mutum biyu ta WhatsApp, ɗaya a nan, ɗaya a gida. In ƙaddara ta sa aka kama iyalin, a nuna takardar tun daga farko, a nemi ganin likita ko ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar. In har an sauke su a Assamaka, akwai ma'aikatan Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya da na ƙungiyar likitoci ta MSF. A nuna musu a ranar, a nemi a kai yaron Yamai, inda Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa take. Da takarda likitan can zai ɗora daga inda aka tsaya; ba takarda, sai ya koma farko, kuma lokaci ba ya jira. Kada kuma wani ya ɗauki yaro mai shan shimiyo ya bi da shi ɓarauniyar hanya a bayan Hilux. Ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da ƙishirwa ta kashe mutum 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kantche. Masu lafiya ke nan.

Dole in taɓo abin da ba a son faɗa. Yaro mai kumburarriyar fuska yana jawo sadaka, kuma akwai masu zaunar da shi a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa saboda haka, wani lokaci ma aronsa ake yi. Kowace rana da ya yi a kan titi an ɗebe ta ne daga kwanakin da za a iya cetonsa. Wanda ya ga irin wannan kada ya jefa dinari ya wuce; ya tsaya ya tambayi uwar, cikin mutunci, ko an kai shi asibiti, ya sanar da dattawan unguwa. Talauci ne ya kai yawancinsu can, don haka tsawa kaɗai ba za ta ɗauke yaron daga titi ba sai an maye mata gurbin abin da take samu. Haka masu ɗaukar hoton yaro tsirara suna yaɗawa a Facebook da TikTok da sunan neman taimako, kuɗin su shige aljihun da ba a sani ba. Kada ka tura ko sisi sai ka san iyalin ko wanda ya san su. Kada kuma a yaɗa hoton yaro ba da yardar iyayensa ba. Zai warke in Allah ya so, ya girma ya tarar da shi.

Taimakon da ke aiki ba shi da hayaniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar nan ta shekara biyu ce. Magani kyauta ne, amma tikiti, abinci, kuɗin haya, wasu gwaje-gwaje da kuɗin waya duk suna kan uban da ƙila lebura ne mai cin na yau. Gudummawar rana ɗaya da ake tarawa cikin zumuɗi tana ƙarewa a wata na farko. Abin da ake so shi ne kaɗan-kaɗan mai ɗorewa: asusu a masallaci, mutum biyu amintattu su riƙe littafi, a riƙa karanta shiga da fita. Matan adashi su ware kwasa ɗaya. Maƙwabciya ta ɗauki nauyin tukunyar yaran da aka bari a gida, wata ta duba ko suna zuwa makaranta. Mai gidan haya ya yi haƙuri da wata biyu. Samari masu lafiya su je su ba da jini, domin yaro mai kansar jini yana buƙatar ƙari a kai a kai, kuma bayarwar ba ta rage wa namiji komai.

Sai kuma bakinmu. Ciwon daji ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta kwano, ko tabarma, ko wasa. Kada a hana yara zama da shi don gashinsa ya zube, zai tsiro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi yawan kansar yara ba a san musabbabinta ba, don haka kada wanda ya ce wa uwa nononta ne, ko sakacinta, ko jinin gidansu. An sha ganin aure ya mutu a kan gadon jinya saboda irin wannan magana daga dangin miji. In kin je dubiya, Hajiya, ki ce “Sannu, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya,” ki karɓi tsintsiya ko wanki, ki ce mata ta je ta runtsa awa ɗaya. Labarin ɗan wance da ya yi irin wannan ciwo ya rasu, ki bar shi a cikinki. Kada ki zo da ƙullin magani, kada ki zo da mura. Uban ma a kula da shi. Namiji ba ya kuka a gaban mutane, sai ka ga ya daina zuwa majalisa, ya rame, ya yi shiru. Aboki ya bi shi har gida ya zauna da shi. Yayye da ƙanne suna jin tsoro, wasu suna zaton faɗan da suka yi da shi ne ya jawo. A gaya musu ba laifinsu ba ne. Shi kansa yaron kada a yi masa ƙarya. In allura za ta yi zafi a ce za ta yi kaɗan, Inna na riƙe da hannunka. Yaron da aka yaudara sau ɗaya ba ya sake yarda da kowa a ɗakin.

Mutane suna tambaya ko abin da ya faru a In Ekker yana da hannu a wannan ciwo, kuma suna da hujjar tambaya. Tsakanin 1961 da 1966 Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 13 a cikin dutsen Tawrirt Tan Afella da ke In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da garin nan, kuma ranar 1 ga Mayu 1962 ɗaya daga ciki ya ɓalle, ƙura mai guba ta fito fili. Wannan haƙƙi ne da har yau ake bin Faransa. Abin da ya shafe mu a yau shi ne kada masu neman ƙarfe da waya, da masu haƙar zinariya, su kwaso tarkacen wurin su kawo gida a yi rufi, ko murhu, ko abin wasan yara. In iyali sun taɓa zama a wajen, su faɗa wa likita.

Akwai yaran da za a kai a ce cutar ta wuce magani. Ko a nan aiki bai ƙare ba. Akwai magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi, har da morfin, da likita ke bayarwa bisa awo. Ba shaye-shaye ba ne, kuma haƙƙin yaron ne kada ya kwana yana ihu. A nema masa. Iyayen da suka rasa ɗa kuma kada a watse a bar su bayan sadakar uku.

Ina roƙon limaman masallatan da Hausawa ke taruwa su karanta wannan bayan sallar Juma'a mai zuwa, mata kuma su karanta a wurin suna da islamiyya. Kafin a tashi a fitar da mutum uku: mai jin Larabci ko Faransanci da zai riƙa rakiya asibiti, mai mota da za a iya tasa da dare, da mai riƙe asusu. A rubuta lambobinsu a bangon masallaci. Kai kuma da ke karantawa, in ka san gidan da ke da yaro mai farin ido, ko kumburi, ko masassarar da ta ƙi tafiya, ko wanda aka dawo da shi daga arewa ba a gama magani ba, don Allah ka je gidan yau, ka yi sallama da uban, ku kai yaron asibiti tare.